Zuwa ga Andatekan unguwarmu

Salamu alaikum mutumina,

Wato kai in ba ni na neme ka ba shikenan ko? Tunda ka tafi Fatakwal ka haɗu da masu kuɗi ko filashin babu. To ya aiki, ya ruwan can naku da ba ya ɗaukewa? Mu nan sanyi ya sauko sosai, da safe hazo ba ya bari ka hango tsamiyar bakin kasuwa, an gama shigar da gero da dawa, masu fadama sun koma kan albasa da tumatir. Akwai tambayar da zan maka kan buhun nan namu na littattafan zane, amma tsaya tukuna, abin da ke cina daban ne.

Ka ga yadda John Cena ya ƙare resilin kuwa? Don Allah kar ka ce min ba ka kalla ba. Wasansa na ƙarshe, 13 ga Disamba 2025 a Washington, shi da Gunther ɗan Ostiriyan nan mai marin ƙirji. A agogonmu tsakar dare abin ya kama, mai gidan kallo ya ce shi ba zai ƙona fetur ƙarfe biyun dare saboda resilin ba, sai washegari yaron shagon caji ya sauko da shi daga intanet ya tura mana a memori, muka taru a teburin mai shayi bayan isha'i, waya ɗaya an jingina ta da gwangwanin madara, kai wajen goma a kanta. Gunther ya shaƙe shi ta baya, ya ɓalle, ya sake shaƙe shi, ya sake ɓallewa, muna ta ihu tashi tashi, can sai kawai muka ga Cena ya yi wani ɗan murmushi ya bubbuga hannu ya sallama. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana gaya wa yara kar su taɓa sallamawa! Mai shayi har ya manta ƙwai a wuta sai da ƙauri ya tashi. Daga baya ya cire takalmansa ya ajiye a tsakiyar ringi ya fita.

Nan fa musu ya kaure. Ƙanenka ya ce cin mutunci ne, ai kamata ya yi a bar shi ya tafi da nasara, ko ƴan kallon da ke cikin filin ma ihu suka yi ta yi wa Triple H, mai tsara wasannin. Ni kuma na ce a'a, kuma har yanzu ina kan bakana. Al'adar sana'arsu ce, babba in zai tafi sai ya kwanta wa na baya don na bayan ya yi suna. Shi ma ai a 2002 yana sabon shiga Kurt Angle ne ya ba shi fage. A lokacin shekararsa 48, ya riga ya ɗauki kambun duniya karo na 17 a WrestleMania 41 a Las Vegas ya wuce Ric Flair mai 16, me ya rage masa? Abin da ban yafe musu ba shi ne mayar da shi mugu da suka yi a watan Maris na 2025, ya juya wa Cody Rhodes baya gaban The Rock, sannan The Rock ɗin ya ɓace aka bar labari ba kai ba gindi. Wannan kam sun ɓata mana watanni a banza.

Kai ma ba ka da bakin dariya fa. Na tuna 2014 da Brock Lesnar ya karya wa Undertaker tarihinsa bayan nasara 21 a jere, kwana biyu ko tuwo ba ka ci da daɗi ba, Inna tana tambaya ko zazzaɓi ne.

Af, kafin na manta, Dogo ya sai babur. Bashi ne amma yana ta hura hanci, ko gaisuwa sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Kuma maganar aurensa an ɗaga zuwa bayan ƙaramar salla, wai kayan ɗaki ba su haɗu ba, ni dai na san ba nan matsalar take ba, sai mun haɗu.

To muna cikin musun nan sai ga malamin firamaren nan, ka san shi da iyayi, wai shi mamaki yake magidanta da gemu suna ɓata rai kan wasan da an riga an rubuta wanda zai ci. Sai ka ce wani sabon labari ya kawo. Wa bai sani ba? Na ce masa malam, mun san an tsara, amma tsarin ba ya hana katako zafi. Mick Foley da aka jefo daga saman keji a 1998 ya faɗo kan tebur, rubutun ne ya tare masa ƙashi? Owen Hart a 1999 faɗowa ya yi daga saman fili ya mutu, mutane suna zaune. In gaskiyar bugu nake so ai ga dambe nan, lokacin kaka ne ma, kalangu na tashi, in je in ga an kwantar da ƙato ana masa fifita. Wancan daban wannan daban, a resilin labari muke bi, wane ya ci amanar wane, yaushe za a rama, daidai abin da ya sa muke ɓoye littattafan zanen nan cikin littafin lissafi muna karantawa a bayan aji.

Kuma ka san tun da can ana tsokanar Cena da cewa Superman ne, a taru a kansa a yi ta jibga, ƙarshe ya miƙe ya cinye. To shi Superman ɗin ma an kashe shi a 1992, Doomsday ne ya gama da shi, amma shekara na zagayowa masu zane suka dawo da abinsu garau. Tun 1938 yake nan ko furfura babu. Cena kuwa wuya an yi aiki, kafaɗa an yi aiki, babu mai alƙalamin da zai zana masa sabuwar gwiwa. Shi ya sa murmushin nan bai ba ni haushi ba, na ga mutum ne ya gaji kuma ya yarda ya gaji. Ga Hulk Hogan ma ya rasu a watan Yulin 2025, na san Baffa zai ji, shi da har yau in an yi zancen sai ya kawo Mighty Igor da Power Uti na zamanin talabijin mai baƙi da fari.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai Oba Femi ne, ɗan Legas, a daren nan aka haɗa shi da Cody kuma bai ji kunya ba kafin Drew McIntyre ya shigo ya ɓata wasan. Yaron nan ka sa masa ido, ya fi Omos iya motsi nesa ba kusa ba, shi Omos tsawo ne kawai Allah ya ba shi.

Ɗan yayata kuma ya kamu, wanda ka bari yana rarrafe. Ya cika littafin makaranta da zanen wani ɗan dambe mai kara a hannun dama da laya a damtse, wai yana tashi sama yana kama ɓarayin shanu, har da ƴan akwatunan magana a saman kai, da biro ja da shuɗi. Ya zana sarkin ɓarayin da hancin Dogo sak, wallahi na yi dariya har da hawaye. Uwarsa na faɗa yana ƙarar da takarda, ni kuma ina sai masa a ɓoye ranar kasuwar Gujungu. In ka samu fensir mai kala a can, mai kyau ba irin wanda ke karyewa a fiƙa ba, ka ba direbobin da ke sauke albasa su taho da shi.

Kowa na gaishe ka, Inna ta ce wai ka manta hanyar gida ne. Mai shayi kuma ya ce ɗari ukunsa tana nan a rubuce jikin bango, ko shekara goma za ka yi.

Naka,
Rey Mysterio na bakin kasuwa