Gocewar Kafaɗa Ba Targaɗe Ba Ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana kan gocewar kafaɗa, lalurar da nake yawan gani a tsakanin 'yan kabu-kabu da 'yan kokawa a nan Sakkwato, wadda mutane da dama suke ɗauka tamkar targaɗe.

Shekara uku da suka wuce ƙanena ya faɗi da babur, kafaɗarsa ta dama ta goce, mai ɗori ya ja ta ta koma. Bayan wata shida ta sake gocewa yana ɗaga buhun albasa, karo na uku kuwa hannu kawai ya miƙa zai sa riga. Sau biyu ana yi masa hoton ƙashi bayan an mayar da ita, ana ce mana ƙashi lafiya lau, mu kuma muka ci gaba da shafa man zafi.

Sai da muka ga likitan ƙashi muka gane inda gizo ke saƙa. Kan ƙashin dantse zagayayye ne, gurbin da yake zama a ciki kuwa ba shi da zurfi, guringuntsin da ke bakinsa da jijiyoyin da suka kewaye shi ne suke riƙe da shi. Idan kafaɗa ta goce ta gaba, wanda shi ne ya fi yawa, sau da yawa guringuntsin nan yana ɓallewa, raunin da likitan Ingila, Bankart, ya yi bayaninsa tun 1923. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan ɓallewa, sai hoton MRI, wanda ke nuna tsoka da jijiyoyi da guringuntsi, wani lokaci ma sai an yi allurar wani ruwa a cikin mahaɗar kafin yagewar ta fito sarai. Na ga hoton ƙanena da idona: likita ya sa bakin biro a kan wani siririn farin layi, ya ce ga abin da ya hana shi aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kowace gocewa tana iya gutsure bakin gurbin, ta kuma lotsa kan ƙashin. Hoton CT, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla, shi ne yake auna yawan ƙashin da ya tafi, kuma da shi likita yake tantance ko ɗinke guringuntsi ya wadatar, ko kuwa sai an dasa guntun ƙashi a wurin, irin aikin da likita Latarjet na Faransa ya fito da shi a 1954. Masu farfaɗiya kuma kafaɗarsu tana iya gocewa ta baya, wadda hoton gaba shi kaɗai yakan kasa nunawa, sai an ɗauka ta gefe.

Ba na raina masu ɗori, domin su ne kusa da talaka. Roƙona gare su shi ne, duk matashin da kafaɗarsa ta goce karo na biyu su tura shi asibiti. Ina kuma kira ga likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Asibitin Ƙashi na Wamakko da su shiga gidajen rediyo su bayyana wa jama'a da Hausa wane hoto ne ya dace da wane ciwo, a ina ake yin sa, kuma nawa ne kuɗinsa, domin mai neman na cefane ya san abin da zai tanada.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga unguwar Mabera, Sakkwato.