Kuɗin baiko: a ƙirga gaban shaidu, a rubuta

Ya Edita,

Muna gaishe ka da aiki. Ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista, musamman fastoci da dattawa, kan abin da muke ganin ya fi saɓanin koyarwa raba ikilisiyoyi, wato kuɗin baiko, kuɗin da masu sujada ke bayarwa a majami'a.

A majami'u da dama, da an tashi sujada ranar Lahadi sai ma'aji ya juye kwanon baiko cikin leda, ya ƙulle, ya cusa a aljihun riga, ya hau babur. Shi zai ƙirga a gida, shi zai rubuta, shi zai kashe. Duk wanda ya nemi ganin littafi sai a ce bangaskiyarsa ta raunana, ko yana zargin bawan Allah. Ba haka Littafi Mai Tsarki ya koya mana ba.

A duba 2 Sarakuna sura 12. Sarki Yowash ya umarci firistoci su riƙa karɓar kuɗi suna gyaran Haikali, amma har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a yi gyaran ba. Nassin bai kira su ɓarayi ba. Kuɗi dai na shiga hannu, aiki kuwa shiru. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade. In kuɗi ya taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, ɗaya daga fada, ɗaya daga Haikali. Masu kafa hujja da aya ta 15, cewa ba a nemi lissafi daga masu lura da aikin ba saboda amincinsu, su lura cewa sai da aka ƙirga kuɗin aka san adadinsa kafin ya shiga hannunsu.

Ezra, firist ɗin da ya jagoranci Yahudawa daga Babila zuwa Urushalima, ya fi ba mu mamaki. Mutumin da ya ji kunyar roƙon sarkin Farisa sojojin rakiya, domin ya riga ya ce Allah zai tsare su a hanya, shi ne ya tsaya a bakin kogin Ahawa yana auna wa manyan firistoci 12 azurfa da zinariya. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sake aunawa, aka rubuta nauyin kome (Ezra 8). Bulus ma bai yarda ya riƙe gudummawar talakawan Urushalima shi kaɗai ba. Ya ce ikilisiya ta zaɓi waɗanda za su kai, ya kuma bayyana dalili a 2 Korintiyawa 8:20-21: kada a sami abin zargi, a gaban Ubangiji da gaban mutane. Wane fasto ne a cikinmu ya fi Bulus riƙon amana?

To, ga yadda za a yi. Kada baiko ya fita daga majami'a ba a ƙirga ba. Mutum 3 su ƙirga, kada a sami 'yan gida ɗaya a cikinsu, a riƙa kuma sauya su duk wata. Ma'aji ya zauna ya karɓa, amma kada ya shiga cikin masu ƙirgar. A ware kuɗin kashi-kashi, 'yan dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, a rubuta yawan kowane kashi a takarda kafin a haɗa jimla, domin kuskure ya fi ɓuya a jimlar da aka yi da ka. Baikon Lahadi, zakka, godiya da kuɗin gini, kowanne da layinsa. Su ukun su sa hannu, ma'aji ya riƙe takarda ɗaya, sakatare ya riƙe kwafinta. Littafin kuwa ya zama ɗinkakke mai lambar shafi, a rubuta da biro, kuma in an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu a gefe. Ba a yage shafi.

A kai kuɗin banki ranar Litinin, cifcif yadda aka ƙirga. Nan ne aka fi tuntuɓe. Sai a ce a ciri na man janareta, a ciri na motar baƙon mai wa'azi, a kai sauran. Cikin wata 3 abin da ke takardar ƙirga da abin da ke banki sun rabu, ba kuma wanda zai iya tuna dalili. Gara a ware ɗan kuɗin hidima na wata, a kashe shi da rasit, in ya ƙare a kawo rasit ɗin a sake cika kuɗin.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, masu ba da baiko ta waya sun ƙaru, sabuwar matsala kuma ta shigo: lambar asusun da ake karantawa a gaban jama'a ta wani dattijo ce ko ta fasto. Kuɗin Allah da na cefane sun haɗu a wuri ɗaya, in mai asusun ya rasu kuma magada su ce na mahaifinsu ne. A nemi takardun da banki ke buƙata daga ofishin ɗarika a buɗe asusu da sunan ikilisiya, masu sa hannu 3, ba a fitar da kuɗi sai da hannun biyu, saƙon banki kuma ya riƙa shiga waya biyu. Kada a taɓa sa hannu a cak da ba a cike ba wai don wani zai yi tafiya.

Godiyar kaka ma kuɗi ce. Buhun masara, doya, akuya, kaji, duk a rubuta a ranar, hatsi a auna da mudu, domin buhu suna ya tara. Abin da aka sayar a gwanjo a rubuta farashinsa da wanda ya ɗauka bashi.

Abin da ya fi cin ma'aji nagari shi ne aro. Ɗan'uwa ya zo da dare, matarsa na asibiti, ya ce zai mayar ƙarshen wata. Tausayi ya sa aka ba shi, kunya ta hana a tambaya, ranar lissafi ma'aji ne zai sunkuyar da kai. Ikilisiya ta buɗe asusun taimako daban, dattawa su yanke abin da za a bayar, ma'aji ya sami bakin cewa ba shi da iko. Wasu za su ce ai Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da dama ke yi. Matiyu 6:3 da mai bayarwa yake magana. Ana iya rufe sunan gwauruwar da aka taimaka, amma adadin ya shiga littafi.

A karanta rahoto a gaban ikilisiya duk wata 3, a bar mutane su yi tambaya ba tare da an harare su ba. Sau ɗaya a shekara a ɗauko mutum biyu daga wata ikilisiya su gwada takardun ƙirga da bayanin banki da rasit. In an ga giɓi, kada a kai maganar kan bagade ko zauren WhatsApp. A fara zama da mutumin a keɓe da takardu a hannu, bisa Matiyu 18:15-17, in dattijo ne kuma a tuna 1 Timoti 5:19 ta ce sai da shaidu biyu ko uku. In kuskure ne a gyara. In ci ne, a rubuta yadda zai biya, a karɓi littafi da makulli daga hannunsa, a kuma ci gaba da ziyartar gidansa.

Mun gode, Edita.

Wasu dattawan ikilisiya,
Kafanchan, Jihar Kaduna