Mamana, ki yi magana da muryar da Allah ya baki

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kina lafiya, ya aiki ya zafin Abuja. Mu nan Jos sanyi ya fara shigowa, kowa lafiya lau alhamdulillah.

Ummanki ta faɗa min an saka ki gabatar da rahoton sashenku gaban daraktoci, wai kin kasa barci, har kina cewa ke baki iya magana ba, kinaso ki koyi irin ta wancan abokin aikin naku me babbar murya da manyan turanci. Toh shine nace bari in zauna in rubuto miki, dan a waya kina katse ni da "toh Abba" kafin in gama.

Kin iya magana Mamana. Irin taki ce dai ba irin tashi ba. Ke mutum ce me magana a hankali, kina jera abu ɗaya bayan ɗaya har sai wanda baya ganewa ya gane, shi yasa tun kuna yara ƙannenki wajenki suke kawo lissafi ba wajena ba duk da ni ne malamin makaranta a gidan. Wannan baiwa ce, kuma a ofis tana da tsada sosai, dan mitin nawa ake tashi an sha surutu amma ba wanda ya san me aka yanke.

Ki duba manyanmu. Sir Abubakar Tafawa Balewa da ake ma laƙabi da me muryar zinariya, ki nemi jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ko wanda yayi gaban majalisar Amurka a 1961, suna nan a YouTube, zaki ji ba ihu ba gaggawa, kalma ɗaya ɗaya yake ajiyewa. Ɗan Masanin Kano Maitama Sule kuwa, Allah ya jiƙansa, shi zuba yake, hikima da tarihi da tashin murya da saukarta, ya daɗe yana magana baka gaji ba. Malam Aminu Kano kuma da Hausar talaka ya ja mutane zuwa jam'iyyar NEPU, Hausar da ɗan dako da manomi zasu ji su ce wlh da ni yake. Dukansu uku alli suka fara riƙewa a aji, amma ba wanda ya ari bakin wani. Da Balewa yace sai yayi irin ta Ɗan Masani da bamu san shi da wannan muryar ba.

In kinaso ki tabbatar da irin taki, ki lura da abin da mutane ke zuwa nema wajenki a ofis. Wani ana zuwa wajensa dan ya bada labari ya sa a saki jiki, wani dan ya kawo alƙaluma, wani dan ya zaburar da mutane in gwiwa tayi sanyi. Ke nasan "dan Allah yi min bayanin takardar nan" ake ce miki. Sannan ki lura wane lokaci ne kike magana ki manta da tsoro gaba ɗaya, zaki ga lokacin da kike bayanin abin da kika sani ne ga mutum ɗaya. Toh ɗakin taron ma haka zaki ɗauke shi, ki zaɓi mutum ɗaya ki masa bayani, in kin gama magana ɗaya ki koma kan wani.

Amma fa kowace irin baiwa da inda take yoyo, kuma zan faɗa miki naki tunda ni ubanki ne. Muryarki tana mutuwa a ƙarshen jimla, ki fara da ƙarfi ki ƙare kamar me raɗa, alhali ƙarshen nan ne yake ɗauke da maganar. Kuma kina da doguwar shimfiɗa. Oga bashi da lokacin nan, ki fara da sakamakon, ga abin da muka gano ga abin da muke so a amince mana, sannan dalilai su biyo baya. Jimlolin farko guda biyu ki haddace su kamar karatun allo, dan a nan ne gaba yake faɗuwa, in kika wuce su sauran zai zo da kansa. Kar ki juya ma mutane baya kina karanta abin da ke kan majigi, suma sun iya karatu. In kalma ta ɓace miki ki yi shiru ki ja numfashi, ya fi "eh.. eh.." ɗin nan, shirun da kike ji kamar shekara su a wajensu ko lura basu yi ba.

Sai maganar kunya, wadda ita tafi damuna. Mu muka tarbiyyantar da ku kan sunkuyar da kai gaban manya, kuma bana nadama, tarbiyya ce me kyau. Sai dai a ɗakin mitin a sakatariya inda akwai Bayarabe da Ibo da Tibi da kowa, in kika sunkuyar da kai ɗauka za'a yi baki da tabbas kan alƙalumanki. Ki gaishe su da ladabi yadda kika saba, sannan ki ɗago kai. In idon babba ya miki nauyi ki kalli goshinsa. Ladabi yana cikin kalamanki da yadda kike sauraro, ba zai zube ba dan kin ɗaga ido.

Turancinki kuma ki barshi yadda yake, kar ki lanƙwasa harshe ki zama baturiyar dole, kowa a ɗakin nan da karin harshen garinsu yake magana. Kawai kalmomin da "p" da "f" suke rikita mu ki ware su ki maimaita har su zauna. In an miki tambayar da baki da amsarta ki ce zaki bincika ki kawo kafin a tashi aiki, kuma ki kawo ɗin. Kar ki yi kame-kame.

Ki tuna Annabi Musa AS da aka aike shi wajen Fir'auna, roƙon da yayi a Suratu Ɗaha shine Allah ya buɗa masa ƙirji ya warware ƙullin harshensa dan a fahimci maganarsa. Ki karanta kafin ki shiga. Kuma ya tabbata a hadisi Manzon Allah SAW yakan maimaita magana sau uku dan a gane, Nana A'isha tace da me ƙirge zai ƙirga kalmominsa da ya ƙirga. Kinga magana a hankali ba aibi bace.

Yanzu abin da nakeso, daren nan ki tsaya a tsaye a ɗakinki ki yi jawabin gaba ɗaya da murya sama ki ɗauka a waya, ki saurara da kanki duk da nasan ba zaki so jin muryarki ba, ba wanda yake so. Sai ki turo min ta WhatsApp in ji inda take faɗuwa in gaya miki. Kar ki jira sai ana gobe.

Ummanki da ƙannenki suna gaisheki, tace zata aiko miki dankali da kabeji daga Farin Gada in an samu me zuwa. Allah ya miki albarka ya baki sa'a.

Abbanki