Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya sayar min da mota mai giyar kuloci biyu

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe shugabannin kamfani, da duk wanda aka ɗora wa alhakin sauraron koken kwastomomi.

Sau biyu ina turo muku imel, kiran waya kuwa na daina ƙirgawa, kullum sai a ce min za a neme ni kuma har yau shiru kake ji, shi yasa na ga gara in fito fili in rubuta inda kowa zai gani, ko ba don kaina ba don wanda yake shirin zuwa ya biya kuɗinsa gobe. Ba zan kama sunanku ba, kun san kanku, kuma lambar fayil ɗina tana wajenku.

Ni dai da manuwal na koyi tuƙi kuma da ita na shekara da shekaru, ƙafata ta hagu ta san kuloci kamar yadda hannu ya san hanyar baki. Abun da ya sa na canza shi ne gwiwata ta fara damuna in na daɗe a gosulo, taka saki taka saki har ka isa gida. Ranar da na zo wajenku na faɗa wa yaronku mai sayarwa haka ƙarara, na ce masa yawancin tuƙina cikin cunkoso ne, ina son otomatik saboda ƙafa. Ya ce min yallaɓai wannan ita ce daidai da kai, otomatik ce, ka sa a D kawai ka manta da komai, ga rashin shan mai ga saurin canja giya. Ko sau ɗaya bai ambaci kalmar kuloci ba. Wallahi da ya ce min akwai kuloci har guda biyu a cikinta kuma busassu ne, da na tsaya na yi tambaya kafin in sa hannu.

Sai daga baya, bayan wahala ta sa na zauna na yi ta karatu ina tambayar makanikai, na gane me na saya. Otomatik ɗin da muka saba da ita tun da, man giya ne yake haɗa injin da giya a cikin wani kasko, don haka in mota tana jan ciki a hankali ba wani faranti da yake gogar wani, man ne yake shanye abun. Ita kuwa wannan taku a gaskiya giyabos ɗin manuwal ne guda biyu aka cusa a gida ɗaya. Kuloci ɗaya yana riƙe da lamba 1, 3, 5, 7, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6, sandar ɗaya tana juyawa a cikin cikin ɗayar, sai kwamfuta take taka kulocin a madadinka. Kana tafiya a lamba 3 ta riga ta shirya 4 tana jira, lokaci na yi sai ta saki wannan ta kama wancan, shi yasa canjin yake kamar ƙiftawar ido.

Kuma fa ba zan zalunce ku ba, a buɗaɗɗen titi motar nan daɗi gare ta. In na hau babbar hanya na ba ta wuta, yadda take jera giya ba ta ko numfasawa, babu direban manuwal ɗin da zai yi wannan da hannunsa, ni ma ban taɓa yi ba. Mai ma tana da sauƙin sha, wannan yaronku bai yi ƙarya ba. Dama can abun na gudu ne, wani injiniya ɗan Faransa Adolphe Kégresse ne ya fara zana shi tun wajen 1939, Porsche suka sa shi a motocin tsere a shekarun 1980, sai a 2003 Volkswagen suka fito da shi a Golf R32 ya shigo motocin da kowa ke saya. To a filin tsere waye yake jan ciki a bayan tirela na minti arba'in? Ai nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne rayuwata take kullum safe da yamma.

Ga abun da take min. In ina gosulo na ɗan saki birki don in matsa taku biyu, sai ta fara karkarwa, gaba ɗaya motar tana kakkaɓewa kamar ɗan koyo ne ya saki kuloci da garaje, wani lokaci ta yi jim kamar ba ta ji ba sannan ta zabura gaba, sau biyu saura ƙiris in daki bayan motar mutane. In an daɗe ana haka sai wari ya fara tashi, warin da duk mai manuwal ya sani, na farantin kuloci in ya ƙone, daga nan sai rubutu ya fito a dashbod wai giya ta yi zafi in tsaya a gefe. In tsaya a ina? Mota gaba mota baya, ana ta danna min hon. Dalilin kuma a fili yake, wannan jan cikin da otomatik ta asali take yi da mai, taku da rabin kuloci take yinsa, faranti yana gogar faranti, kuma tunda busasshe ne ba man da zai sanyaya shi sai iska kawai.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na shataletale. Ka taho ka rage gudu kamar za ka tsaya, sai ka hango sarari ka taka totur don ka shige, sai motar ta yi shiru. Daƙiƙa ɗaya ce ko ɗaya da rabi amma wallahi a wannan wajen daƙiƙa ɗaya rai ce. Kwamfutar ta yi zaton tsayawa za ka yi ko ta shirya wata giyar daban, sai ta tsaya sake lissafi, kai kuma hancin motarka ya riga ya shiga hanya ga wata ta taho a guje. Ranar da abun ya faru da iyalina a ciki, uwargida ta riƙe ƙofa tana salati, yaran suka yi tsit a baya, har muka isa gida jikina bai daina rawa ba. A manuwal ni nake ganin sararin tun daga nesa, na riga na sa lamba 2 ƙafata tana kan kuloci, ina cewa mu je ta tafi. Idona yana ganin hanya, kwamfutarku ba ta gani, canke kawai take daga yadda na taka totur da birki.

Na tudu ma haka, in na tsaya a hawa na saki birki sai ta ɗan sulale baya kafin ta kama, ribas kuwa a matsattsen waje sai ka yi ta addu'a, ko ta ƙi motsi ko ta fizga. Da manuwal ɗina hambirki da rabin kuloci sun ishe ni, santimita nawa nake so in matsa shi nake matsawa.

Yanzu bari in zo kan ainihin abun da ya sa na ɗau alƙalami, don matsalar inji ba ita ta fi ƙona min rai ba, inji dai ɗan'adam ne ya ƙera shi. Zuwana na farko garejinku aka ce haka giyar take, halinta ne, zan saba. Na biyu aka jona kwamfuta aka ce an sabunta mata manhaja, ta yi sati biyu lafiya ta koma gidan jiya. Na uku sai injiniyanku ya zaunar da ni ya ce Alhaji laifin tuƙinka ne, wai bai kamata in dinga barinta tana jan ciki ba, in dinga jira sai na gaba ya ba da tazara sannan in tafi gaba ɗaya, kar in riƙe ta da totur a tudu, in taka birki sosai in na tsaya don kulocin ya rabu duka, in cunkoso ya yi yawa in mayar da ita wajen canjin hannu in bar ta a lamba 1. Shawarar nan gaskiya ce, na gwada kuma ta ɗan rage. Amma don Allah me ya hana a faɗa min ita ranar da nake biyan kuɗi? Me ya sa sai da faranti ya cinye sannan na ji ta? Kuma a ƙarshe ya ce kuloci kaya ne mai cinyewa kamar takalmin birki, don haka waranti bai shafe shi ba, ni zan biya, har da fulawil, wato faifan ƙarfen da yake tsakanin inji da kuloci, in an buɗe an ga ya taɓu.

Haba jama'a, ku duba maganar nan da idon adalci. A manuwal in kuloci ya ƙone ba na musu da kowa, ƙafata ce a kai, ni na ɗora ta ni na ƙona, in je in biya. A wannan motar feda biyu ce kawai, birki da totur. Ba ni da hanyar taɓa kulocin nan ko da ina so. Kwamfutarku ce take yanke yaushe za a kama, yaushe za a saki, rabin kuloci na daƙiƙa nawa za a yi. Kun karɓe kulocin daga ƙafata kun ba na'urarku, ya lalace kuma kun ce ni ne. Wannan ne ban yarda da shi ba kuma ba zan yarda ba.

Sannan kar a ce min ba a san da matsalar irin wannan giyar ba a duniya. A 2013 Volkswagen sun janye motoci sama da 380,000 a Chaina saboda giyarsu mai kuloci biyu da suke kira DSG, a 2018 kuma kotun tarayya a Ostireliya ta ci Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda suka yi da koken masu motocin giyar PowerShift, ita ma mai kuloci biyu. Waɗannan ba ku ba ne, na sani, na kawo su ne don ku ga cewa duk mai sayar da irin wannan giyar ya san inda take da rauni. Kuma kun fi ni sanin akwai mai jiƙaƙƙen kuloci wadda farantanta suke cikin mai, ta fi jure zafi nesa ba kusa ba, illa dai a dinga canja mata man giya a kan lokaci. Da an tambaye ni, da na zaɓi wannan, ko otomatik ta asali, ko ma in haƙura da ciwon gwiwa in zauna a manuwal ɗina wadda ko batir ya mutu a tura ni in tayar, ita wannan ko turin ba ta karɓa sai dai a kawo wani batirin.

Abun da nake nema a wajenku ba shi da yawa. Ku canja min kulocin nan duka biyun a ƙarƙashin waranti, ku duba na'urar da take sarrafa su, ku ba ni sakamakon a rubuce ba da baki ba, kuma ku ƙara min wa'adin waranti a kan giyabos ɗin don ba ni da tabbacin sabon ba zai bi sawun tsohon ba. In kun ga ba za ta gyaru ba ku karɓi abarku mu yi lissafi ku ba ni wata mai giyar da ta dace da irin tuƙina. Sannan don girman Allah ku koya wa yaranku masu sayarwa su dinga tambayar mutum ina yake tuƙi, su faɗa masa da baki cewa wannan kuloci biyu ce ba otomatik ɗin da ya sani ba, su bar shi ya gwada ta a cunkoso da kan tudu ba a miƙaƙƙen titi kaɗai ba kamar yadda aka yi min.

Motar tana nan a ajiye, na daina ɗaukar yara a cikinta tun ranar shataletalen nan. Takardun zuwana gareji guda uku suna hannuna, da hoton rubutun da ya fito a dashbod, da bidiyon karkarwar da na ɗauka. Na ba ku sati biyu daga yau, in ban ji daga gare ku a rubuce ba zan kai su hukumar kare haƙƙin masu sayayya.

Wassalam,
Kwastomanku mai jiran amsa.