Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Zuwa ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Kallon Taurari

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Babban aikinmu na bana shi ne husufin wata na ranar Lahadi, 7 ga Satumba, a cikin watan Maulidi. A nan Kano wata ya fito ne da magariba, inuwar duniya ta riga ta rufe shi, ya yi ja kamar garwashi. Cikakken husufin ya ɗauki minti 82, ya ƙare gab da ƙarfe takwas na dare. Da aka idar da sallar husufi sai jama'a suka yo kanmu a filin da muka kafa na'urar hangen nesa. Kusan kowa tambayarsa ɗaya: me ya sa ya yi ja bai yi baƙi ba? Muka bayyana musu cewa iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tace hasken rana, ta watsar da shuɗin, ta karkata jan zuwa kan wata, kamar dai yadda sama ke yin ja lokacin faɗuwar rana. Wani dattijo ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuma tasbihi kawai yake yi. Ni dai a ganina wannan daren ya fi duk hotunan da muka tara daraja.

Hotunan ma sun yi kyau, alhamdu lillahi. Mafi yawansu da wayar hannu aka ɗauka, ana kara ta a bakin madubin na'urar. Masu kyamara sun koyi ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗa su a kwamfuta, kuma da wannan dabarar suka samu tauraruwa mai wutsiya ta Lemmon a ƙarshen Oktoba, da Kaza da 'Ya'yanta.

A makarantun da muka ziyarta, Mushtari (Jupiter), babbar duniyar nan mai kewaya rana, shi ne ya fi jan hankalin ɗalibai, musamman da suka ƙirga watanninsa huɗu waɗanda masanin taurari Galileo ya fara gani a 1610. Zuhal (Saturn) kuwa, duniyar nan mai zobe kewaye da ita, bana zobensa ya juyo mana gefe, siriri ne kamar zare, sai da muka yi ta bayani.

Matsaloli suna nan. Hazon hunturu ya rage mana kallon ruwan taurari (yawan faɗuwar taurari a dare ɗaya) na tsakiyar Disamba, ƙura kuma ta hau madubin babbar na'urarmu saboda an mayar da ita ba murfi. Don Allah a kiyaye. Hasken fitilun gari kullum ƙaruwa yake, dole mu riƙa fita ƙauye, kuɗin mota kuwa daga kuɗin wata-wata yake fitowa, wanda da yawa ba su biya ba.

A baɗi akwai husufin wata da asubahin 28 ga Agusta, 2026. Masu son shiga kwamitin shirye-shirye su ba sakatare sunayensu a taro na gaba.

Wassalam,
Shugaban ƙungiya