Robar hancin ɗana ta cinye jarina, uwar mijina ta ce a zare

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a?

Daga Daura nake rubuto miki. Ɗana na uku, ɗan shekara biyu, bai yi kuka ba da aka haife shi, likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ba ya iya haɗiya. Ko ruwa aka ba shi a cokali sai ya sarƙe, ya bi masa ta hanyar numfashi, ya zama ciwon huhu. Shi ya sa aka zura masa roba ta hanci har ciki, da sirinji nake ɗura masa abinci.

Anti, kuɗin robar da sauƙi, abin da ke biyo bayanta ne ya karya mu. In ya fizge ta ko ta toshe, sai mun hau mota zuwa Katsina, wajen kilomita 80, kuma kin san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga filasta da ke cin kumatunsa, ga magani. Madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu, kunun gyaɗa da waken suya nake dama masa ruwa-ruwa, in tace a kyalle don kada ya toshe robar, amma yaron ba ya ƙiba. Ɗinki na bari, keken ma na sayar, don bayan awa uku-uku ake ba shi, har cikin dare.

Yanzu likita ya ce gara a yi masa aiki, a sa robar ta ciki kai tsaye. Maigida albashin ƙaramar hukuma yake ɗauka, ba ya kai mu tsakiyar wata. Inna, mahaifiyarsa, ta ce a zare robar a koma cokali, mai rabon shan ruwa zai sha. Wallahi ba mugunta ba ce, awakinta ta sayar saboda yaron nan. Amma ni na ga yadda leɓensa ke yin baƙi in ya sarƙe, ba zan iya ba.

Abin da ya rage mini gonar gadon mahaifina ce, kuma daga ita yayyensa biyu ke cin tuwo. In sayar a yi aikin? Na ji ana sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Katsina, wato KTSCHMA, ta ina zan fara, kuma zai ɗauki irin wannan aiki? Sannan da wane baki zan ce wa Inna a'a ba tare da na jawo wa ɗanta fushinta ba?

Taki mai sauraro kullum,
Wata uwa daga Daura