Littafin sallar yarana ya jawo mini magana a gidan surukai

Assalamu alaikum Anti, barkanmu da sallah, Allah Ya maimaita mana. Kusan kowane mako ina sauraren shirinki, ban taɓa kawowa wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana. Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki, duk a kan wani ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta.

Ni Bakanuwa ce, haihuwar cikin gari, aure ya kawo ni Kaduna. Yarana uku, mata biyu da auta namiji. Mu da muka taso, sallah ba sai an shirya mana ita ba. Tun goma ga azumi ana tashe, jajibiri lalle da kitso, ranar idi mu kai tuwo da miyar taushe gida-gida ana ba mu goron sallah, washegari yayyenmu su riƙe mana hannu zuwa Ƙofar Kudu kallon hawan Daushe. Yarana ko ɗaya ba su samu ba. Gidan haya muke mai get, maƙwabciyar da muka haɗa katanga ma sai mu yi wata ba mu ga juna ba.

A 2020, lokacin kullen korona, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Ba zuwa Kano, ba yawon sallah. Babbar tana shekara 6 a lokacin, ta riƙa tambayata ina za ta je da sabon ɗinkinta. Shi ne na ce bari in yi mana tamu sallar a tsakar gida. Daren da aka ga wata na kwaɓa fulawa, na ba kowacce ta murza dubulan ɗinta yadda take so, ko ya karkace haka zan soya mata. Muka shimfiɗa tabarma, na ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta, na ba su ta Gizo da Ƙoƙi har suka yi barci. Na tsayar da su jikin ƙofar kicin na zana tsawon kowacce da biro. Sai littafin: kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kansa a shekarar, wanda bai iya rubutu ba ni nake rubuta masa.

Daga baya na ƙara asusu, irin na ƙasa. Goron sallar da suka samu da 'yan canjin aike duk a ciki suke sakawa, sai daren ƙaramar sallah mu fasa, mu kasa uku: kaso ɗaya na mai shi, ɗaya na almajirin da ke mana shara, ɗaya kuma ya zama na farko a sabon asusu. Sau ɗaya muka fasa kafin lokaci, a farkon 2023 da aka yi canjin kuɗi, don akwai tsofaffin 200 da 500 a ciki, kada su mutu mana. Ranar ta tsakiyar ta yi kuka kamar an yi rasuwa. Ina ba ki wannan labarin ne don ki san abin ba wasa ba ne a wurinsu. Wannan ce sallah ta shida da muke yi.

To bana muka je Kano washegarin sallah. Da yake ba a yi hawa ba, kowa yana gida, falon Hajiya surukata cike, har da matan ƙannensa. Ashe ta tsakiyar ta saka littafin a jakarta don ta nuna wa kakarta, wallahi ban sani ba. Yayar maigidan, wadda tun ranar da aka kai lefena ba ta ƙaunata (ita ce ta ce wai na cika iyayi don na yi boko), ta fizge shi daga hannun yarinyar. Ta fara karantawa da ƙarfi tana kwaikwayon muryar yara, ana ta dariya. Wai wannan kuma wace al'adar Nasara ce, ko mun fara Kirsimeti ne a Kaduna.

Au, na manta ban gaya miki ba, ina da abokiyar zama. Shekara uku ke nan da ya ƙara aure, gidanta daban, ɗanta ɗaya. To a shafin bana yarinyar ta rubuta: "Na gode wa Allah Abba ya kwana a gidanmu daren sallah, bai tafi wajen Anti Amarya ba." Yaya ta karanta wannan sau biyu, amaryar tana zaune da goyonta. Falo ya yi tsit. Sai Yaya ta ce ga shi nan, dama ta faɗa, makarantar koyar da kishi na buɗe wa yara.

Anti, ban sa ta ba. Na ga shafin tun a daren, ba zan yi ƙarya ba ina fitowa daga azumi, amma ai dokar littafin ita ce ba a goge abin da mutum ya rubuta. Kuma ina laifin yarinya 'yar shekara 9 don ta ji daɗin ganin ubanta? Sallah biyu a jere kwanan ba ya faɗowa a kaina, su fasa asusu babu shi. Iyakar abin da na taɓa ce musu shi ne su riƙa addu'a Allah Ya karkato da hankalin Abbansu gida. Wannan ma laifi ne? Sun kuma ɗora da cewa ban saya wa ɗan amarya asusu ba. Yaron da bai gama iya magana ba, me ya sani a kan asusu? Uwar ma da na aika mata dubulan bara, ko waya ba ta ɗaga ta ce an gode ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai maigidan ne. Yana zaune yana danna waya, bai ce uffan ba. Sai da muka wuce Kwanar Ɗangora a hanyar dawowa ya ce, a gaban yara, daga yau a bar wannan bidi'ar. Bidi'a! Ni ban ce ibada ba ce, ban ce Annabi ya yi ba, dubulan ne da tatsuniya. Mutumin da da kansa yake ɗaga autan ya gwada tsawonsa a jikin ƙofa, har yana cewa ya kusa kamo shi.

Littafin yana can wurin Hajiya, ta ce a bar mata shi. A ciki akwai zanen hannun autana na lalle yana jariri, akwai abin da babbar ta faɗa a kan mahaifiyata shekarar da ta rasu. Ta tsakiyar kuwa tun da muka dawo ba ta cin abinci sosai, jiya na tarar ta fasa sabon asusunta a bayan gida ta zubar da ɓaraguzan a kwata. Ta ce ita ta jawo mini.

Ƙanwata ta ce in kira amarya in ba ta haƙuri, in sa ɗanta a ciki, a wuce wurin. Haƙurin me? In na ba ta ai na amsa laifin ke nan, Yaya ta samu abin faɗa har jikoki. Ga babbar sallah saura wata biyu da 'yan kwanaki, yaran za su zuba mini ido. In ci gaba da yi a ɓoye ranar da ba ya nan, ko hakan saɓa wa miji ne? Ni ko zuwa Kanon ma ba na jin zan iya. Sannan ta wace hanya zan karɓo littafina daga hannun Hajiya ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Ki fara gaya mini abin da zan ce wa yarinyar nan, don ko yanzu da nake rubutun tana ɗaki ta ƙi fitowa.

Taki,
Maman yara uku, daga Kaduna